Karayar Arziki: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san kasuwar Wudil, wadda ke ci ran Juma'a, ya san cewa a kararta ake ganin arziki da tsiya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ga falke ya loda shanu zuwa Kudu ya komo da riba, ga kuma ɗan'uwansa da suka yi lodi rana ɗaya ya komo ba uwar kuɗi, ba riba, sai tulin bashi. In aka tambayi wanda ya karye, amsa ɗaya ce: ƙaddara ce. In kuwa aka tambayi maƙwabtansa a bayan idonsa, sai su ce sakacinsa ne. To, wace magana ce gaskiya a cikin biyun nan?

Wannan tambaya an amsa ta tun shekara ta 3 bayan Hijira, a gindin dutsen Uhudu. Musulmi wajen 700 suka fuskanci Ƙuraishawa 3,000. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan wani tudu, ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya kuma hore su da kada su gusa ko da wane hali aka shiga. Da nasara ta fara bayyana, sai mafi yawansu suka sauko don tattara ganima, Halidu ɗan Walidu kuwa, wanda bai musulunta ba tukuna, ya zagayo da dawakai ta bayan rundunar. Mutum wajen 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza.

Abin lura shi ne yadda Alƙur'ani ya yi sharhin wannan rana a Suratu Ali Imrana. Aya ta 165 ta mayar da sanadin masifar ga su Musulmin da kansu, ta 166 kuma, wadda ke bi mata, ta tabbatar da cewa abin ya auku ne da izinin Allah. Watau ƙaddara da sakaci suna iya haɗuwa a kan abu guda. Imani da ƙaddara shi ke hana wanda ya faɗi fid da rai, binciken sababi kuwa shi ke hana shi sake faɗawa ramin jiya. Wanda ya riƙi na farko ya yar da na biyu, ya mai da ƙaddara mayafin rufe lalaci. Wanda kuma ya riƙi na biyu kaɗai, baƙin ciki ne zai ci shi, ya yi ta "da na sani", alhali kuwa Hausawa sun ce ƙeya ce, a baya take.

Malaman fiƙihu sun bi wannan hanya a babin ƙiradi, watau mutum ya ba wani jari ya juya, su raba riba bisa yadda suka yi sharaɗi. A mazhabar Malikiyya, in aka yi hasara ba tare da ganganci ko ƙetare sharaɗi ba, mai dukiya ne ya yi hasarar dukiyarsa, mai juyawa kuma ya yi hasarar wahalarsa, ba a bin sa ko kwabo. Amma in ya saɓa abin da aka gindaya masa, ko ya yi sakaci da amana, to, sai ya biya. Ashe ke nan shari'a ba ta ɗauki kowace faɗuwa laifi ba, ba ta kuma ɗauki kowace faɗuwa uzuri ba. Sai an zauna an bi diddigi.

Bin diddigin nan shi ne abin da ya fi wuya a kasuwa, domin yawancin ciniki da baki ake ƙulla shi. Falke ya ɗauki shanu bashi, dillali ya tsaya a tsakani ya karɓi la'adarsa, babu takarda, babu ranar biya tsayayya. Ran da abu ya ɓaci, ba mai iya faɗin inda kuɗin suka zurare, ko a farashin saye, ko a kuɗin mota, ko a dabbar da ta faɗi a hanya, ko kuwa a hidimar gida da ake ɗiba daga jari ba lissafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda bai rubuta ba, ko ya so ya koyi darasi daga faɗuwarsa, ba shi da allon da zai karanta.

Shugabanni ma wannan hukunci bai bar su ba, kuma masu sana'ar shanu sun ga misalinsa da idonsu. A shekarar 1962 aka fara gagarumin aikin allurar rigakafin ciwon bushiya a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, har cutar ta lafa, aka ɗauka an gama da ita. Da aka saki jiki, allura ta yi rauni, sai ta komo, ta yi wa garkunan Arewa mummunar ɓarna a shekarar 1983. Da an tsaya a kan cewa annoba daga Allah take aka naɗe hannu, da har yau tana nan. Amma sai aka koma aka duba inda aka yi sake, aka sabunta aikin a faɗin Afirka daga 1986, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya baki ɗaya a 2011. Kuskuren maharban Uhudu ke nan ya sake bayyana: ganin alamar nasara, sai a bar wurin tsaro.

Akwai kuma haƙƙin wanda ya faɗi a kan jama'a. Bayan Uhudu, ba a kori waɗanda suka yi kuskure ba. Aya ta 159 a surar nan ta umarci Manzon Allah da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawara da su, ko da yake shawarar fita bayan gari ce ta kai su filin da aka sha wuya. Shekara biyu bayan haka, da taron dangi ya tunkaro Madina, shawarar Salmanul Farisi aka karɓa aka haƙa gwalalo, gari ya tsira. Shugaban da ke hukunta duk wanda ya kawo masa labarin hasara, yaransa za su koyi ɓoye ɓaraka, ba zai farga ba sai ran da gini ya rufto. Haka kuma Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa matalaucin da ake bi bashi har ya sami sauƙi. Mai arzikin da ya karye, in aka tabbatar ba ha'inci ya yi ba, abin da ya dace da shi rufin asiri ne da ɗan jarin da zai tashi da shi. Yi masa dariya a rumfa ba halin Musulmi ba ne, gobe ta Allah ce.

Saboda haka, wanda hasara ta same shi, ya fara da istirja'i da haƙuri, sa'an nan ya zauna da alƙalami ya rarrabe abin da ya fi ƙarfinsa da abin da hannunsa ya jawo. Na farko ya bar wa Ubangiji, na biyu ya gyara, in da haƙƙin wani a ciki ya mayar.

Allah Ya rufa asirin bayinSa, Ya mayar wa wanda ya rasa da mafi alheri, Ya shiryi shugabanni ga karɓar gaskiya, amin.