Shin Mai Tatsuniya Maƙaryaciya Ce?

A wani daren hunturu a Tudun Wada ta Jos, lokacin da sanyi kan kori yara daga dandali tun kafin lisha, na ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana yi wa jikokinta tatsuniyar Gizo da Kura. Da ta kai ƙarshe sai ta rufe kamar yadda aka gada: "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Nan take babban jikan ya ce, "Kaka, ashe ƙarya kika yi mana? Ai a makaranta an ce ƙarya zunubi ce." Tsohuwa ta yi dariya, ta ce ya je ya kwanta. Ni kuwa tambayar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba.

Abin da ke sa magana ta zama ƙarya shi ne nufin yaudara, wato a sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, alhali bai sani ba. Mai tatsuniya kuwa sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Wannan yarjejeniya ce. Kowa ya san daga nan dabba za ta yi magana, Dodo zai nemi aure. Shi ya sa Bahaushe ya ba tatsuniya suna dabam da labari da tarihi da ƙissa. Marigayi Abubakar Imam ya fahimci wannan sarai. A cikin Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, aku ne ke riƙe Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Da ƙagaggen zance aka ceci ran yaro.

Sai dai wannan bai kashe maganar ba. Matsalar tana ga Gizo kansa. Ga shi makwaɗaici, maƙaryaci, yana cutar abokinsa, har matarsa Ƙoƙi ba ta tsira ba, kuma sau da yawa ya ci bulus. Me muke koya wa yaro idan muka sa shi dariya a kan zambar da ta yi nasara? A ganina, amsar tana ga wurin da ake zaunar da yaron. Ana nuna masa tarkon tun ana ɗana shi. Yana kallon yadda Gizo ke laluben raunin kowa: kwaɗayin Kura, girman kan Zaki, tsoron talaka. Kura ba ta gani, shi yana gani. Duk da haka ba zan ɓoye ba, na san yaran da Gizo ke burge su fiye da kima, kuma a nan hankalina bai kwanta gaba ɗaya ba.

Mu mutanen Jos muna da dalilin ɗaukar wannan batu da muhimmanci. A rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, jita-jita ta riga wuta isa unguwanni da dama. Ita jita-jita ba ta sallama da "ga ta nan". Da rantsuwa take zuwa, da "ɗan'uwana ya gani da idonsa", yanzu kuma har da hoto a WhatsApp. Tana laluben tsoron mutum kamar yadda Gizo ke yi, kuma ba ta da ƙurunƙus da za ta sallami mai sauraro ya koma hayyacinsa. Da Hausa ake yaɗa ta a Tudun Wada, Hausar da Birom da Angas da Jarawa da Hausawa suka yi tarayya a cikinta, wadda da ita kakanni ke yi wa yara Gizo.

Washegari na tambayi yaron ko da shi ne Kura zai yarda da maganar Gizo. Ya ce a'a, sai ya je ya duba rijiyar da kansa tukuna.