Yara a Gindin Murhu: Koyarwa Daban, Sakaci Daban

A gidan Bahaushe ba a saka wa yarinya ranar fara koyon girki. Tun tana shekara uku ko huɗu take tara gwangwanayen madara a gefen tsakar gida, ta kwaɓa tuwon ƙasa, ta tsinko ganye ta ce miya ce. Kafin ta cika goma an fara ce mata ta iza wuta, ta duba ko ruwa ya tafasa, ta miƙo muciya. Tarbiyya ce mai kyau, ba abin yarwa ba ce. Inda ya kamata al'umma ta tsaya ta duba shi ne yadda ake ɗauke yaro daga murhun wasa a kai shi murhun gaske, domin a nan ne yara da yawa ke samun tabon da za su tsufa da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ta kuma ce a Afirka, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta dalilin ƙuna ta haura ninki biyu na yadda abin yake a duniya baki ɗaya, kuma mata da yara galibi a wurin girki suke ƙonewa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san tsakar gida. Murhun duwatsu uku, kurfoti, risho, ƙaramar tukunyar gas mai kan girki a bisa, duk a ƙasa suke zaune, daidai tsayin mai rarrafe. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, don haka zafin da zai bar wa uwa ja kawai yana iya saɓule masa fata. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma man da ake suyar ƙosai ko awara yakan kai wajen 180. Talge da koko kuwa maƙalewa suke yi a jiki, su ci gaba da cin fata bayan sun zuba.

Gidaje sun rabu biyu kan wannan lamari, kuma duka ɓangarorin na da gyara. Akwai waɗanda suka kafa doka cewa yaro ba ya taka kicin sam. Niyyar mai kyau ce, amma yaron da aka hana bai daina sha'awar wuta ba. Jira yake Mama ta tafi unguwa ya gwada ashana shi kaɗai. Akwai kuma gidajen da ake barin 'yar shekara bakwai a gaban kaskon suya, da ƙaninta goye a baya, uwa tana ɗaki ko tana maƙwabta. Idan aka yi magana sai a ce, "Ai mu ma haka muka tashi." Gaskiya ne, amma a da akwai kaka ko kishiyar uwa zaune kan tabarma tana sa ido. Yau a gidan haya sau da yawa babu wannan idon. Ɗora wa yarinya aikin da ya fi ƙarfinta ba koyarwa ba ne.

Koyarwa tana da matakai, kuma matakin farko babu wuta a cikinsa. Ɗan shekara uku zuwa biyar zai iya tsintar wake, ya tsinke zogale, ya wanke tumatir, ya taya tankaɗe, yana zaune kan tabarma taku uku ko huɗu daga murhu. A ja masa layi da gawayi, a ce nan ce iyakarsa. Daga shida zuwa takwas sai a ƙara masa ɓare albasa, auna ruwa, ɗan daka a ƙaramin turmi, ko zuba gishiri a miya hannunsa cikin na uwa. Kunna wuta da juya miya sai ya doshi goma, babba na tsaye a kansa. Suya a mai, tuƙin tuwo da sauke babbar tukunya su ne na ƙarshe. Shekaru ma ba su kaɗai ne ma'auni ba, kowace uwa ta san wanda ya natsu cikin 'ya'yanta da wanda bai iya zama wuri ɗaya ba.

A rinƙa faɗa wa yaro dalili, ba tsawa kawai ba. "Buɗe murfin ta can gefe, tururi ya fita can." "Juya hannun kaskon ciki, kada wani ya bangaje shi." "Tsane dankalin tukuna, ruwa da mai ba sa shiri." "Sa ƙosan a hankali daga kusa, kada ki jefa." Tsumman sauke tukunya ya zama busasshe, domin jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take. A cire dogon hijabi da mayafi kafin a matso wuta, musamman yadin roba da ke narkewa ya manne a fata. Goyo kuwa a sauke shi.

Akwai lokutan da suka fi haɗari. Da hunturu yara kan kewaye kaskon garwashi suna jin ɗumi, wani lokaci a ɗaki rufe, inda iskar gawayi marar wari ke iya kashe mutum cikin barci. Da azumi, sa'ar da ta rage a sha ruwa kowa sauri yake, kasko biyu a wuta, yara na zirga-zirga da kwanuka. Gidan da ake jego kuwa, ruwan wanka na tafasa safe da yamma a tsakar gida, hankalin kowa yana kan jariri, an manta da wanda aka yaye.

Maigida yana da nasa kaso, kada ya ce harkar mata ce. Shi zai canza tiyon gas da ya tsage, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa ya ga ko zai yi kumfa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka idan aka ji warinsa a rufe tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Shi zai guji kalanzir da aka gauraya da fetur, wanda ya sha fasa risho da fitila a Nijeriya, ya kuma hana a zuba shi a kwalbar lemo. Shi zai samar wa madafa hanyar fitar hayaƙi, tunda hukumar lafiyar ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar yara ƙanana fiye da 237,000 a shekarar 2020. Ya ja 'ya'yansa maza su ma su koya. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, kuma bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina ya yi umarni a rinƙa kashe wuta kafin a kwanta.

Idan ƙaddara ta faɗa, maganin farko ruwa ne. A zuba ruwan sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Ba ƙanƙara, ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba ƙullu ko baƙin mai. Waɗannan datti suke kai wa ciwo. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge rigar da ta manne, kada a fasa bororo. Idan tufafi suka kama, a kwantar da yaro a naɗe shi da bargo. Idan mai ya kama a kasko, a kashe wutar a rufe da murfi, kada a watsa ruwa. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya suna da likitocin ƙuna da gyaran fata, kuma cikin aikinsu har da raba yatsun da suka manne saboda an yi jinya a gida.

Malaman Islamiyya, ma'aikatan awon ciki da gidajen rediyo za su iya isar da wannan bayani lungu-lungu, musamman gab da hunturu da azumi. Su haɗa da roƙon iyaye su daina dukan yaron da ya ɓarar da miya ko ya ƙone hannu. Yaron da ke tsoron bulala ɓoye ƙunar yake yi cikin riga, ba a ankara sai ta fara ruwa da wari.