Kalmar Da 'Yarka Take Jira

Karatu: Markus 5:21-43, Matiyu 3:13-17

  Yau maganata da iyaye ce, musamman ku maza da Allah ya ba ku 'ya'ya mata. Labarin gidana zan ba ku, kuma sai da na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta.

'Yar farina ce, saboda haka ba zan kama sunanta ba, kun san al'adarmu. Sunan mahaifiyata ta ci, ni kuwa Uwata nake ce mata. An haife ta a asibitin Maamobi a shekara ta 2005. A kan idona ta yi rarrafe a tsakar gidan haya, a kan idona ta fara bin uwarta kasuwar Nima ranar Laraba tana riƙe da bakin zanenta. Na tuna ranar da ta fara tsayawa gaban jama'a a makarantar Lahadi ta faɗi ayar haddace, muryarta tana rawa, amma ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba. Na sunkuyar da kai kamar ina duba Littafi, alhali hawaye nake ɓoyewa.

Wannan farin ciki ba zunubi ba ne. Zabura ta 127 ta nuna mana cewa 'ya'ya gādo ne daga wurin Ubangiji. A Zabura 144 Dawuda ya roƙa a ga 'ya'yansu mata kamar ginshiƙan da aka sassaƙa domin fādar sarki. A ƙarshen littafin Ayuba ma, an haifa masa maza bakwai da mata uku, amma sunayen matan ne kaɗai aka rubuta, kuma ya ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza. Uban da ke zaune a unguwanninmu yana da ƙarin dalilin godiya. Kowace safiya muna ganin 'yan mata daga arewa, kayaye, ɗauke da kayan da ya fi ƙarfin wuyansu, waɗansu ba su kai shekara goma sha biyar ba. Mun san yaran da aka cire daga aji aka aurar. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 ƙofa ta ƙara buɗuwa, a Janairun 2025 kuma aka rantsar da Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang, mace ta farko da ta zama mataimakiyar shugaban ƙasar Ghana. Idan 'yarka ta sa rigar makaranta ta fita da safe, ka gode wa Allah da babbar murya.

To, ga inda na yi tuntuɓe. Kunyar 'yar fari ta hana ni in dube ta in ce mata na ji daɗinta. Amma kunyar ba ta hana ni ambatonta a kan bagade ba. In ta zo ta ɗaya a aji, ikilisiya za ta ji ranar Lahadi. Da ta ci jarrabawar BECE a 2020, shekarar annoba, na ba da shaida har sau biyu. Kafin ta gama sakandare na riga na gaya wa dattawa cewa Legon za ta tafi, daga nan Korle Bu, ta fito likita. Ban tambaye ta ba. Ina kiran abin shaida, amma in na faɗi gaskiya rabinsa na Allah ne, rabinsa nawa.

A watan Disamba na 2023 sakamakon WASSCE ya fito. Iyaye kun san yadda abin yake: kafin a shiga jami'a sai an sami C6 ko sama da haka a manyan darussa, har da lissafi. Na ba ta kuɗi ta sayi katin dubawa. Ta dawo ta ce intanet ba ya aiki. Washegari ta ce an riƙe nata. Muka yi Kirsimeti tana cikin mawaƙa, tana murmushi, tana raba abinci. Kwana tara aka yi a haka. Daren na tara uwarta ta ce mini, "Maigida, yarinyar nan ba ta barci. Ta ga sakamako tun ranar farko. Lissafi ne ya ba ta D7, kuma kai take tsoro."

'Yan'uwa, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, me zan gaya wa dattawa? Fasto ne ni, na yi makarantar Littafi Mai Tsarki, amma tunanina na farko fuskata ce, ba 'yata ba. Daga baya ne na biyun ya zo, ya fi zafi: yarinyar da na goya ta kwana tara da nauyi a ƙirji a ƙarƙashin rufina, kuma ni ne wanda ba ta iya gaya wa ba.

Mu koma ga karatunmu. Yayirus shugaban majami'a ne, mutum mai mutunci a gari. 'Yarsa mai shekara goma sha biyu tana bakin mutuwa, Luka ya ce ita kaɗai gare shi. Ya manta da matsayinsa, ya fāɗi a gaban Yesu a idon jama'a. Wannan yarinya tana da uban da zai zubar da girmansa dominta.

Suna kan hanya sai ga wata mace. Ita ma shekara goma sha biyu take da su, amma na ciwo, na zubar jini. Ta kashe duk abin da take da shi a wurin masu magani, abin sai gaba yake yi. Bisa ga Shari'a, a Littafin Firistoci sura 15, ƙazantacciya ce, duk wanda ya taɓa ta ya ƙazantu. Ba a ambaci uba ko miji ko ɗan'uwa da ya zo ya yi magana dominta ba. Ta bayan taro ta lallaɓo, ta taɓa rigarsa, da niyyar ta sulale ba wanda ya sani. Ta warke nan take. Da Yesu ya bar ta ta tafi, da ta koma gida da lafiyar jiki, amma har yanzu mai ɓuya ce. Sai ya tsaya. Yayirus yana gaggawa, almajirai suna ganin tambayar ba ta da kan gado, shi kuwa yana ta duddubawa. Matar ta fito tana rawar jiki, ta fāɗi a gabansa, ta faɗa masa gaskiya duka.

Ku lura da kalmar farko da ta fito daga bakinsa. Bai tambaye ta dalilin da ya sa ta ɓuya ba. Bai ce ta ƙazantar da shi ba. Ya ce mata 'yata. Ku bincika Bishara huɗu, ba za ku sami wata mace da Yesu ya dube ta ya kira ta haka ba sai wannan. Wadda ba ta da Yayirus nata, a ranar ta sami uba.

Matiyu sura 3 ta ƙara mini haske. A Kogin Urdun Uba ya yi magana daga sama, ya shaida cewa Yesu Ɗansa ne ƙaunatacce, yana kuma jin daɗinsa ƙwarai. Yaushe ya faɗa? Kafin Yesu ya warkar da kowa, kafin wa'azin kan dutse, kafin gicciye. Daga nan aka kai shi jeji wurin gwaji. Uba bai jira sakamako ba. Ya ba Ɗansa wannan kalma guzuri kafin jarrabawa, ni kuwa na ajiye tawa sai bayan jarrabawa, ita ma ga mutanen waje nake faɗa.

Da gari ya waye na ce mata ta raka ni. Muka taka daga Maamobi har mahaɗar Kawukudi, muka tsaya gefen filin ƙwallo, hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 suna gabanmu. Tun kafin in buɗe baki ta fara kuka. Ta ce, "Baba, na kunyata ka a gaban ikilisiya." Na ce, "Uwata, ni ne na ɗora miki kayan da ba naki ba. Ki gafarta mini. Tun ranar da aka miƙo mini ke a cikin zane nake jin daɗinki, a lokacin ko sunanki ba ki sani ba." Harshena ya yi nauyi, gama shekara goma sha takwas ban taɓa faɗa mata ba. A nan ne kuma na fara jin abin da take so: aikin jinya, ba likita ba. Ta daɗe da sani.

Ranar Lahadi na tsaya na gaya wa ikilisiya cewa na yi fahariya da abin da ba nawa ba ne. Waɗansu sun ji daɗi, waɗansu sun ga bai dace fasto ya tona kansa ba. Wani dattijo Musulmi maƙwabcinmu da ya ji labarin ya ce mini, "Fasto, 'ya'ya amana ne." Na ce masa mu ma haka Littafinmu ya koya mana. Ta sake rubuta lissafin a 2024, ta sami C6, daidai bakin ƙofa. Har yanzu in ta kawo labari mai daɗi nakan ji bakina yana ƙaiƙayi in kai shi bagade, sai in tuna in tambaye ta tukuna.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga tambayar da nake so ka kwana da ita. Idan 'yarka ta fāɗi jarrabawa, ko wani ya yaudare ta, ko ma abin da ya fi wannan nauyi ya same ta, wa za ta fara gaya wa? In ba kai ba ne, wani zai ji kafin kai, kuma a titunan nan namu ba a rasa mai daɗin baki da zai gaya mata abin da ba ta taɓa ji a gida ba. Kunya tana da wurinta, ban ce ka kama sunan 'yar fari ba. Amma kada ka kwanta yau ba ka kira ta ka faɗa mata da bakinka ba, ko ta zo ta ɗaya ko ta ƙarshe. Ke kuma yarinya da ke ɓoye wani abu, ko wadda ba ta da uban da zai tsaya mata, Yesu yana nan yana duddubawa cikin taro. Fito ki faɗa masa duka.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin 'ya'yanmu mata. Ka gafarta mana inda muka mai da su abin ado ga sunanmu. Ka kwance harshen iyaye a Nima da Maamobi da Kawukudi, su faɗi alheri ga 'ya'yansu tun suna kusa. Ka tuna da 'yan matan da ke kwana a bakin shaguna nesa da gida, ka tanada musu masu tsaya musu. Wadda take kuka a ɓoye a daren nan, ka ba ta ƙarfin hali ta yi magana, ka kuma shirya kunnen da zai ji ta. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.