Tiya Ɗaya Ga Kowa: Hukuncin Ƙuri'ar Da Ta Lalace

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ga wata tambaya da ta cancanci mu tsaya a kanta. Tsohuwa ta taso daga ƙauye da sassafe, ta sha rana a layi, ta shiga rumfar zaɓe. Ta dangwala yatsa a gidan jam'iyyar da take so, amma kafin tawada ta bushe ta naɗe takardar, sai tawadar ta shafi wani gida. Da dare ya yi aka buɗe akwati, aka ɗaga takardarta gaban fitila. Wakilin wannan jam'iyya ya ce nufinta a fili yake, wakilin waccan ya ce alama biyu ce, a soke ta. Shin wane ne yake kan gaskiya?

Kada mu ɗauki abin da wasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na ƙasarmu, irin na 2004 da na 2011 da na 2020, ba magajin gari jama'a suka zaɓa kai tsaye ba. Jerin sunayen jam'iyyu suka zaɓa, aka raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, sa'an nan ƴan majalisar suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. To, a misali, majalisa mai kujera 11, idan ɓangare ɗaya yana da 5, ɗayan ma 5, kujerar ƙarshe ita ce hukunci, kuma tana iya rataya a kan ƙuri'u ƴan kaɗan. Ke nan takardar tsohuwar nan tana iya yanke wanda zai riƙe kuɗin kasuwa da maganar rijiya da rabon filaye shekara da shekaru.

Mun sani cewa Allah yana duban niyyar bawa, yana saka masa a kanta. Tsohuwar nan ta sauke nauyinta, ba ta da laifi. Amma malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa alƙali da zahiri yake hukunci, abin da ke cikin zukata kuwa Allah ne masaninsa. Mai ƙidaya ba shi da ikon shiga zuciyar mai zaɓe. Ranar da muka ba shi izinin fassara niyya, mun buɗe ƙofar son rai, domin zai ga niyya a fili idan takardar ta nasa ce, ya ga ruɗani idan ta abokin hamayya ce.

Saboda haka abin da muke gani shi ne: adalci a nan yana ga ma'auni. Ko ƙa'ida ta tsananta ko ta sassauta, wajibi ne a san ta tun akwati yana rufe, a karanta ta gaban wakilan kowa, kuma a auna kowace takarda da ita. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga wanda yake cika mudu idan zai karɓa, ya tauye idan zai bayar. Wanda ya karɓi takarda mai shafin tawada domin ta ɗan garinsu ce, ya soke irinta domin ta wani ce, ba shi da bambanci da ɗan kasuwar da yake da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa. Kuma sa hannu a takardar sakamako shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai.

Ƙasarmu ta ɗanɗana ɗacin wannan al'amari. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 7 ga Fabrairu 1999 an tayar da hargitsi wajen tattara sakamako, aka lalata takardu a wurare da dama, Kotun Ƙoli ta soke sakamakon mazaɓu masu yawa. Gaba ta tsananta tsakanin ƴan siyasa, kuma a watan Afrilu na shekarar aka yi juyin mulki. Idan amana ta fita daga ƙidaya, wanda ya faɗi ba ya haƙura, wanda ya ci ba ya samun natsuwa.

Sai dai akwai saura. Idan an soke takardar tsohuwar bisa ƙa'ida, an yi daidai, amma muryarta ta ɓata, kuma wannan nauyi a wuyanmu yake, mu da Allah ya ba ilimi. Tun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, ba mu cikin zafin takara, to yanzu ne lokacin koyo, zukata suna kwance. Duk ranar da aka koma ga akwati, mai karatu ya nuna wa mahaifiyarsa da maƙwabcinsa yadda ake sa alama ɗaya a gida ɗaya, a bar tawada ta bushe kafin a naɗe, ba tare da ya gaya musu wanda za su zaɓa ba. Wanda aka ɗora wa ƙidaya kuma ya tuna akwai ranar da za a auna nasa aikin da ma'aunin da ba ya tauye ko ƙwayar zarra.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.