Hukuncin Yi wa Kare da Kyanwa Allurar Rigakafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan'uwa manomin rake daga ƙasar Makarfi ya aiko da tambaya. Ya ce yana da karnuka biyu masu tsaron gona, likitan dabbobi ya umurce shi da ya kai su a yi musu allurar rigakafin ciwon hauka, amma abokansa sun ce ɓarnar dukiya ce a kan abu mai ƙazanta. Shin ya halatta?

Malam, ya halatta, kai a ganina ma ya zama tilas a kanka. Da farko, a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa ibada ce da aka umurce mu da ita. Shari'a ta yarda a ajiye kare saboda farauta da kiwo da tsaron shuka, kamar yadda mafarautan Ikara da Fulanin da ke rugage wajen Kudan da Hunƙuyi suke yi. Abin da aka hana shi ne ajiye shi don sha'awa kawai, wannan yana rage ladan mutum kullum. To, duk dabbar da ka ajiye, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

Amma babban al'amarin shi ne haƙƙin maƙwabci. Wannan ciwo yana cikin yawun dabba. Idan ta ciji mutum, ƙwayar cutar sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Sau da yawa sai an yi wata biyu ko uku, rauni ya warke, iyaye sun manta, sa'an nan yaro ya fara firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya. In an kai nan, sai dai addu'a, da wuya ƙwarai a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa ta haka kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta cizon kare ne. Da yawansu yara ne, irin almajiranmu masu bin lunguna da kwano. Malamanmu na fiƙihu sun ce wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi ya ƙi, to abin da karen ya ɓata lamuninsa na kansa. Ina ga wanda aka nuna wa magani ya juya baya?

Masu cewa rigakafi rashin tawakkali ne, su tuna Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da masu lafiya. Sayyidina Umar kuwa ya juyo daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ga hakan ya saɓa wa ƙaddara ba. Ita allurar ba baƙuwa ba ce. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum ita a Faransa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana sarrafa ta karnuka. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ba nisa. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a maimaita kowace shekara. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon, ga ta cikin ɗaki tare da jarirai, don haka kada a bar ta. Masu kiwon zomaye su tambayi likita game da cututtukansu, waɗannan dabam suke.

Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allurar mutane, a kuma cika adadinta. Karen kuwa a ɗaure shi kwana 10 likita yana dubawa, kada a sayar da shi ko a kore shi zuwa wani ƙauye.

Wallahu a'alamu.