Nasihar Juma'a: Shawara Da Mata Ba Baƙuwa Ba Ce A Addininmu



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake nuna mana wata Juma'ar cikin rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa mazauna nan Sabo da waɗanda suke zuwa mana daga Bodija da Shasha, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah.

Kun ji cewa makon jiya kwamitin masallaci ya kawo shawarar a zaɓi dattijan mata uku da za a riƙa jin ta bakinsu duk lokacin da za a raba kuɗin marayu, ko taimakon matan da mazansu suka rasu, ko za a yanke wani abu game da Islamiyyar yara. Kafin a yi Magariba maganar ta zaga rumfuna. Wani bawan Allah ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, abin da zaman ƙasar Yarbawa ya koya mana ke nan? Yaushe aka fara zaman shawara da mata?" Wani kuma ya ce wannan aikin 'yan boko ne. Ban ji haushin ko ɗaya daga cikinsu ba, don na san kishin addini ne ya sa suka yi magana. Amma tambayar "yaushe aka fara" tana da amsa, kuma ita nake so mu duba yau.

Mu fara daga gidan Annabi (SAW). Uwar Muminai Nana Khadija 'yar kasuwa ce irinku. Ita take da jari, ita take ɗaukar maza su kai mata kaya Sham, ta haka ma ta gane amanar Manzon Allah. Ranar da wahayi ya fara sauka ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa, wurinta ya nufa. Ita ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin ɗan'uwanta Waraƙa bin Naufal, kuma ita ce farkon wanda ya yi imani da shi.

To ku dubi abin da ya faru a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. Sahabbai wajen 1,400 sun ɗaura harami za su yi umara, Kuraishawa suka tare hanya, aka ƙulla sulhun da ya yi wa Musulmi nauyi a zuciya. Da aka gama rubutu, Annabi (SAW) ya umarce su su yanka hadayarsu su yi aski. Ya faɗa har sau uku, babu wanda ya motsa saboda baƙin ciki. Sai ya shiga wurin Nana Ummu Salama ya gaya mata halin da ake ciki. Ta ba shi shawarar ya fita kada ya ce wa kowa komai, ya yanka nasa raƙumin, ya kira mai aski. Ya fita ya yi yadda ta ce. Sahabbai suna ganin haka suka miƙe suna rige-rige. Jama'a, wannan fa ba maganar cefane ba ce. Maganar shugaba ce da rundunarsa a rana mai hatsari, kuma Annabin da ake yi wa wahayi bai ga ƙasƙanci ba a karɓar shawarar matarsa.

A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, cikin mutanen Madina da suka yi wa Annabi (SAW) alkawari akwai mata biyu, ɗayarsu Nusaiba 'yar Ka'ab, wadda daga baya ta tsaya tana kare shi ranar Uhudu. Suratul Mumtahana ta yi bayanin mubaya'ar mata da kansu, ba a ce ta mazajensu ta ishe su ba. Nana A'isha kuwa malaman hadisi sun ƙirga mata hadisai 2,210, manyan sahabbai suna zuwa bayan labule suna tambayarta rabon gado da hukunce-hukunce. A Suratun Namli Allah ya ba mu labarin sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilkisu: da wasiƙar Annabi Sulaimanu ta iso, ta tara manyan fadarta ta nemi shawara, suka nuna mata ƙarfin yaƙi, ita kuma ta zaɓi bin abin a hankali, har ƙarshe ta miƙa wuya ga Allah.

Yanzu bari in faɗi inda iyaka take, don kada wani ya fita ya ce Malam ya ce babu bambanci. Akwai hadisin Abu Bakra a cikin Sahihul Bukhari, wanda Annabi (SAW) ya faɗa lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta. Da shi mafi yawan malamai suka kafa hujja cewa shugabancin ƙoli na al'umma na maza ne. Limancin maza a sallah ma haka. A kan alƙalanci an yi saɓani: Malikiyya da muke bi sun sharɗanta namiji, Imamu Abu Hanifa ya yarda mace ta yi hukunci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba, Imamu Ɗabari kuma aka ruwaito ya buɗe ƙofar baki ɗaya. Ku lura, duk wannan saɓanin a kan kujerar sarauta da ta alƙali ne. Ban san malami ɗaya da ya ce haramun ne a tambayi mace ra'ayinta, ko a ba ta amanar dukiya, ko ta shugabanci 'yan'uwanta mata ba. Abin da kwamiti ya kawo bai kai ko bakin wancan saɓanin ba. Babu wanda ya ce mace za ta hau mumbari.

Mu dawo gida ƙasar Hausa. Tarihin baka na Daura ya nuna mata ne suka riƙe garin kafin zuwan Bayajida, har yau sunan Daurama bai ɓace ba. Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku, ta ja runduna, kuma har gobe akwai ganuwoyin da ake jingina mata. Ku masu goro ga naku: Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika mata goro 10,000, kuma a zamaninta goro ya shigo ƙasar Hausa. Fadojinmu suna da sarautun mata irin su Magajiya da Iya, Gobir tana da Inna, Barno tana da Magira. Ba na cewa duk abin da aka yi a wancan zamani ya dace da shari'a, don akwai bori da tsafi a cikin wasunsu. Ina nuna muku ne cewa kakanninmu sun san mace a fada tun kafin su ga Bature.

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo, sai matsayin mata ya ɗauki wata kama. Ya yaƙi bori, amma bai bar mata haka nan ba, ya kira su zuwa ga karatu. A littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin tsarki da sallah ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce matar Waziri Giɗaɗo, kuma 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu su koma su koyar da na gida. Ku duba da kyau, dattijan mata ne ta zaɓa ta ɗora musu amana. Abin da kwamiti yake nema bai wuce ɗan ƙaramin wannan ba.

Zuwan Turawa ma bai ɗaga matanmu ba yadda wasu suke zato. Makarantun da suka fara fitar da ma'aikata da shugabannin Arewa, irin su Kwalejin Katsina, na 'ya'ya maza ne. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su da wannan dama. Sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisa, shekara 20 ke nan a tsakani. Cikin waɗanda suka sha wuya a kan haka akwai Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka ɗaure sau da yawa, aka yi mata duka, ba ta daina ba. A 1985 kuma matan Musulmi suka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, Hajiya A'isha Lemu ta zama Amira ta farko, yau ga makarantunsu da asibitocinsu a jihohi da dama. Kun ga ashe tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Wani zamani a ba mata wuri, wani zamani a ture su. Kuma in kun lura, lokutan da ilimin addini ya yi ƙarfi su ne lokutan da aka fi jin muryar mata salihai.

Shi ɗan'uwan da ya ce daga Yarbawa muka koya, ina ce masa: gaskiya ne maƙwabtanmu suna da Iyalode da Iyaloja, kuma duk wanda ya taɓa neman rumfa a kasuwar garin nan ya san ba a tsallake su. A Legas an yi Alimotu Pelewura, Musulma mai sayar da kifi, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka ja da gwamnatin Turawa a kan haraji da ƙayyade farashi. Abin kirki in ka gan shi wurin maƙwabci ba laifi ka ɗauka. Amma mu wannan ba aro muka yi ba, namu ne muka manta da shi.

Bari in gaya muku abin da ya sa ni kaina na goyi bayan shawarar nan. A azumin da ya wuce mun raba kayan abinci. Mu maza muka zauna muka rubuta sunaye, kowa ya kawo wanda ya sani. Bayan Sallah wata tsohuwa ungozoma ta aiko a kira ni. Ta ce, "Malam, akwai gidan da kuka tsallake." Mace ce da 'ya'ya huɗu, mijinta direban motar kaya ne, ya rasu a hanyar Arewa. Ba ta da ɗan'uwa namiji a garin nan, kunya kuma ta hana ta aiko da yaro. Da kunun da maƙwabta suke miƙo mata ta kai azumin. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Babu wanda ya yi da mugun nufi a cikinmu. Mu dai ba ma shiga cikin gidaje, iyakarmu zaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan nan su suka san gidan da aka kwana uku ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata farantin talla, da amaryar da aka kawo daga ƙauye take kuka ba ta san kowa ba. Idan Allah ya tambaye mu haƙƙin waccan marainiyar gobe ƙiyama, ba za mu ce mun ji nauyin tambayar mata ba ne.

Kuma mu yi wa kanmu adalci. Mu baƙi ne a nan, nesa da dangi. Idan Alhaji ya bi kaya Kano ko Sakkwato ya yi sati biyu, wa yake riƙe gidan? Idan kasuwa ta faɗi, sau nawa kuɗin adashi da na ƙosai da na fura suka biya kuɗin makaranta, har ma suka tayar da jarin maigida? Wadda muka yarda ta riƙe mana gida da 'ya'ya da dukiya, ta yaya za mu ce hankalinta bai kai a tambaye ta yadda za a raba buhun shinkafa ba?

Don haka ina roƙon maza: wanda aka zaɓi matarsa ko mahaifiyarsa ya ba ta izini da zuciya ɗaya. Za su zauna ne a ɓangaren mata, da hijabinsu, da rana, ba cakuɗuwa. Kuma kowa ya fara daga gidansa. Kafin ka ba da 'yarka aure, ka tambayi uwarta, ka tambayi ita yarinyar, shari'a ce ta ce a nemi izininta. Kada ka cire 'ya mace daga karatu ka bar namiji. Nan garin idan matarka ta je asibiti kana neman likita mace mai jin Hausa, to 'yar wa kake so ta zama likitar?

Ku kuma iyayenmu mata, wannan amana ce, ba sarauta ba ce. Ku zaɓi masu tsoron Allah da riƙe sirri, kada ku duba mai kuɗi ko matar wane. Wadda za ta ji sirrin gidan mabuƙaci ta kai shi gidan biki ba ta cancanta ba. Kada a sa kishi ko ƙawance a cikin rubuta sunaye. Nana Asma'u da ilimi da kamun kai ta samu girman da ake ambatonta har yau.

Ya Allah ka shirya mu, ka shirya mana matanmu da 'ya'yanmu. Ka jiƙan iyayenmu mata da suka sha wahalarmu. Ka yafe mana haƙƙin marayun da muka tauye ba da saninmu ba. Ka sa albarka a kasuwancinmu, ka tsare matafiyanmu, ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sanarwa: Iyaye mata za su taru a ajin Islamiyya ranar Lahadi bayan sallar La'asar don zaɓen wakilansu. Maigida ya isar da saƙon nan cikin gida, wanda iyalinsa ba su iya karatun boko ba ya karanta musu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.