Gani Ya Kori Ji? Amanar Waƙa a Zamanin Hoton Bidiyo

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Magabata sun yi wannan karin magana ne don fifita shaidar ido a kan jita-jita, amma a yau ta sami wata sabuwar ma'ana a fagen waƙa, inda mutum kan ce ya kalli waƙa tun kafin ya ce ya saurare ta. Waƙar zamani tana girke ne a kan duwatsun murhu uku, wato hoto da baiti da talla. Wannan maƙala za ta duba yadda ukun nan ke aiki tare, sa'annan ta nemi amsar tambaya guda: idan waƙa ta gyara tarbiyya ko ta ɓata, a wuyan wa alhakin yake?

Waƙa da Ubangida

Kada mai karatu ya ɗauka cewa neman abin duniya baƙo ne ga waƙar Hausa. Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, an ba shi doki da riguna. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, kuma bai taɓa ɓoye cewa kyauta yake jira ba. To amma cinikin wancan lokaci a fili yake. Ubangida yana da suna da fuska, mawaƙi yana kallonsa, jama'a suna kallon su duka biyu. In mawaƙi ya wuce gona da iri a wajen zambo, an san wanda zai tsawata masa. Kazalika kalma ce jarin mawaƙi. Wanda ya ji Shata a rediyo ba ya ganin rigarsa, don haka dole baitin ya ɗauki nauyin kansa, ya zana wa kunne hoton da ido bai gani ba.

Shigowar Hoto

A Amurka, tashar MTV ta fara watsa waƙoƙi masu hoto a 1981, kamfanonin faifai kuwa suka gane cewa hoton talla ne da mai kallo ke nema da kansa. A ƙasar Hausa ta wata ƙofa abin ya shigo. Finafinan Indiya sun daɗe suna koya wa masu shiga silima cewa soyayya ba ta cika sai da waƙa da rawa a cikin furanni. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a Kano a 1990, ba a jima ba waƙa ta zama ginshiƙinsa, musamman bayan karɓuwar Sangaya wajen ƙarshen shekarun 1990. Daga nan sai tsari ya juya. Akan yanko waƙar fim a liƙa ta a kaset ɗin wani fim a matsayin talla, dilolin kaset na Bata da Ƙofar Wambai kuma su auna kasuwar fim da daɗin waƙarsa. Wato waƙar da ya kamata ta bauta wa labari sai ta zama ita ce hajar, labari ya koma mayafinta.

Yau kaset ya kau, waya ta maye gurbinsa. A unguwa irin Bagama ta garin Suleja, inda Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bayarabe ke zaune kafaɗa da kafaɗa a bakin Abuja, saurayi kan sa a tura masa waƙoƙi a waya, ko ya sauko da su daga YouTube, ya kalle su a teburin mai shayi tare da abokin da ba ya jin Hausa sosai. Abokin nan bai san jigon waƙar ba, amma ya fahimci mota da shadda da takun rawa. Hoto harshe ne da ba ya bukatar tafinta, kuma a nan ƙarfinsa yake, a nan haɗarinsa yake.

Yadda Ukun Ke Aiki

Dandalin YouTube yana biyan mai waƙa daga kuɗin tallan da ake sakawa, gwargwadon yawan masu kallo. TikTok kuma yana fifita ɗan guntun da za a iya maimaitawa. Wannan ya shafi zubin waƙar kanta. Amshi kan zo da wuri, ɗango ya gajarta, a nemi kalma guda mai kama baki wadda za a iya yi wa rawa. Hoto shi ke tsayar da yatsan mai kallo, baiti ya maƙale a bakinsa, shi kuma ya yaɗa ta ga wasu ba tare da an biya shi ko anini ba. Alal misali, a 2020, lokacin kullen annobar korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa saboda matan aure sun riƙa ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawarta suna sakawa a intanet. A nan masu sauraro ne suka zama 'yan wasa, suka kuma zama 'yan talla, har aka yi ta muhawara a kan ko sirrin ɗaki ya halatta ya fito kasuwa.

Takobin Mai Tacewa

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 kotu ta ɗaure Adam A. Zango a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun rungumi juna. Abin lura shi ne, hoton aka hukunta, ba a tsaya a kan baitin ba. Bugu da ƙari, hukuncin ya kai labarin har kafofin watsa labarai na ƙasashen waje, mutanen da ba su taɓa jin waƙar ba suka tashi nemanta. Ashe a wannan kasuwa hani ma talla ne. Al'umma tana da haƙƙin kare kunyarta, babu ja. Sai dai wanda ya tsare ido ya bar kunne ya yi rabin aiki, domin sau da yawa waƙa kan zo da sutura cikakkiya alhali baitinta yana koyar da kwaɗayi, ko raina talaka, ko bautar mai kuɗi.

Alhaki a Wuyan Wa?

A ganina ma'aunin da ya dace shi ne amana. Baiti alkawari ne, hoto kuwa shaidarsa. Idan mawaƙi ya rera haƙuri da wadatar zuci, alhali na'urar ɗaukar hoto tana lasar motar aro da gidan haya, to shaida ta ƙaryata mai da'awa, yaron da ke kallo kuma zai gaskata shaidar. Idan baiti ya yabi mutuncin mace, hoto kuwa ya yanka jikinta gunduwa-gunduwa don tsayar da ido, an ci amanarta, an ci ta waƙar. Wannan kason mawaƙi ne da mai ba da umarni.

Amma akwai kaso na biyu, wanda ba mu cika son ji ba. Kujerar da Sarkin Gobir ya zauna a kai a gaban Narambaɗa, yau mai kallo ne a kanta. Dokinsa da rigarsa su ne lokacinsa da kuɗin datarsa. Duk abin da ya danna ya yi masa kyauta, ko da ya danna ne don ya yi tir, domin na'ura tana ƙirga kallo, ba ta ƙirga niyya. Wanda ya tura wa mutum goma bidiyo yana cewa ku ga lalacewar zamani, ya yi aikin sanƙira kyauta. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hangi na wani.

Kammalawa

Hoto ba abokin gabar waƙa ba ne, talla kuma ba zunubi ba ce, domin mawaƙi ma yana da iyali. Abin da ya rage mana, mu malamai da ɗaliban adabi, shi ne mu koyi nazarin hoto kamar yadda muke nazarin jigo da salo da amsa-amo, mu tambayi kowace waƙa: me kika ce, me kika nuna, me kuma kike sayarwa? Ubangidan kirki yakan san abin da ake rera masa kafin ya miƙa kyauta. Tun da yake sarautar ta faɗo hannunmu, wajibi ne mu riƙe ta da sani. Allah ya sa mu dace, amin.